Sigar gwaji ta Apache da nginx: amsoshin tambayoyin da ba sa ƙarewa

Duk lokacin da aka saki sabuwar sigar gwaji ta Apache ko nginx, wato manhajojin sabar da ke miƙa shafukan intanet ga baƙi, tambayoyi iri ɗaya ne suke dawowa. Ga amsoshinsu wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Zan iya ɗora alfa ko beta a sabar da shafina yake aiki a kai?

A'a. Waɗanda suka rubuta ta ma ba su ce ta nuna ba. In har bayanan mutane ko kuɗinsu suna bi ta wannan sabar, kada ka fara.

Mene ne bambancin alfa, beta da rc?

Alfa ana kan gininta, umarnin da ka rubuta a fayil ɗin saiti yau yana iya canja suna gobe. Beta tsarinta ya kusa tsayawa, farautar kurakurai ake yi. Ita kuwa rc ita ce wadda za a saki in ba a ga matsala ba. A Apache ƙuri'a ake kaɗa mata, a bar ta kamar awa 72, sai mutum uku daga kwamitin aikin sun amince, masu amincewa kuma sun fi masu ƙi yawa. Wadda ta faɗi ba ta fita. Shi ya sa ba ka taɓa ganin 2.4.0 a hannun jama'a ba, 2.4.1 ce ta fara fita a Fabrairun 2012.

Yaushe za a saki ta gaskiyar?

Ranar da ta gama. Alfa ta farko ta Apache 2.0 ta fito a Maris na 2000, tsayayyiyar kuwa, wato 2.0.35, sai a Afrilun 2002. Kada ka yi wa kwastoma alkawarin rana a kan abin da ba a hannunka yake ba.

Na sauke, na harhaɗa, ya ƙi tashi, yana cewa modul ɗina "garbled". Me ya faru?

Modul ɗin tsohuwar siga, wato ƙarin manhaja da ake jona wa Apache, ka kwaso ka cusa wa sabuwa. Apache yana da lambar da yake duba dacewar modul da ita, kuma a sigogin gwaji wannan lamba tana canjawa ba tare da an nemi izininka ba. Ka sake harhaɗa modul ɗin da apxs, wato kayan harhaɗa modul na Apache, na sabuwar sigar, ba wanda yake /usr/bin ba. A nginx ma haka ne, zai ce maka "not binary compatible", maganin ɗaya ne. Kwafar fayil mai .so daga wannan folda zuwa waccan ba gyara ba ne, ku daina.

Sabar ɗaya ce da ni, a kanta shafin yake, ba ni da kuɗin kama ta biyu. Yaya zan gwada?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta. Abin da ya fi shi ne ka yi gwajin a kwamfutarka ta hannu, cikin VirtualBox ko Docker, ba ka kashe ko sisi ba. Amma na san akwai matsalar da ba ta bayyana sai a kan ainihin sabar, da ainihin saitinta. In dole ne, to a gefe za ka ajiye sigar gwajin, ba a kan mai aiki ba, kuma ko haka ɗin ba zan ce maka babu haɗari ba.

Ka harhaɗa ta daga tushe da ./configure --prefix=/opt/httpd-gwaji, sannan make, sannan make install. Wannan prefix ɗin shi ne kariyarka: komai yana zuwa folda ɗaya, ba ya taɓa abin da apt ko dnf suka girka, ranar da ka gaji ka goge foldar. Za ka buƙaci APR da APR-util da PCRE, wato laburaren da Apache yake dogara da su. In sigar gwajin tana neman APR da ya fi na sabar sabunta, kada ka sabunta na sabar, domin Apache mai aiki da shi yake tafiya. Ka sa sabon a cikin srclib ka ƙara --with-included-apr.

Sai saiti. Kwafi za ka yi, ba Include na fayilolin mai aiki ba. Ka sa Listen 127.0.0.1:8080 don kada kowa daga waje ya kai gare ta, kai kuma ka shiga ta ssh -L 8080:127.0.0.1:8080. Kowane VirtualHost *:80 ka mayar da shi *:8080, in ba haka ba shafin "It works!" kawai za ka gani ka zaci komai ya lalace. PidFile da ErrorLog da CustomLog da foldar cache, duk su zama nata daban. PidFile ɗin nan, wato fayil ɗin da sabar take rubuta lambar aikinta a ciki, mutane suna raina shi. In sabobin biyu suna rubuta fayil ɗaya, ranar da ka buga apachectl stop don kashe ta gwaji, mai aikin ce za ta mutu, kana zaune kana mamakin kiran da ake ta yi maka.

Akwai tarkon da ya fi wannan ɓuya. Shafi irin na WordPress yana mayar da baƙo zuwa adireshinsa na asali. Ka buɗe ƙofa ta 8080, ya tura ka 443 ba ka lura ba, ka wuni kana gwada tsohuwar sabar kana cewa sabuwar ba ta da matsala. Ka duba da curl -I tare da -H "Host: sunan shafinka", ka karanta layin Server da layin Location. Sa ServerTokens Full a ta gwaji don lambar sigar ta fito ɓaro-ɓaro.

Rumbun bayanai fa? A nan ba ni da amsa guda. In shafin karatu kawai ake yi, wataƙila ka iya barin su su yi tarayya. In ana rajista ko biyan kuɗi ko ɗora fayil, ka yi kwafin rumbun ka haɗa ta gwaji da shi, ka kuma toshe aika imel, don kada odar gwaji ta je wa mutum na gaske. In kana amfani da mod_md, modul ɗin da ke karɓo satifiket na HTTPS da kansa, kashe shi a ta gwaji, kada ta je tana neman satifiket daga Let's Encrypt har ta cinye maka adadin da aka ƙayyade.

Sannan RAM. MaxRequestWorkers, wato adadin buƙatun da Apache zai ɗauka lokaci guda, a tsarin aiki na event 400 ne in ba ka taɓa shi ba, a na prefork 256. A sabar mai 1GB ka sauke na gwaji zuwa 50, wato ninki biyu na ThreadsPerChild mai 25. Gwajin nauyi da ab (ApacheBench), misali -n 5000 -c 20, yana cin ƙarfin injin da shafin gaske yake kai, don haka sai cikin dare, kuma sakamakon gudu da za ka samu kada ka ɗauke shi da muhimmanci sosai. Abin da kake nema shi ne ko za ta faɗi, ko RAM ɗinta yana ta hawa ba ya sauka.

Wasu suna tura kaɗan daga cikin baƙi na gaske zuwa gare ta ta hanyar weight a nginx ko loadfactor a mod_proxy_balancer. Ga rc, a shafin da ba na kuɗi ba, kana zaune kana kallon log, zan iya yarda. Ga alfa ban yarda ba.

Ashe mainline na nginx ma sigar gwaji ce?

Ba ita ba ce. Lambar tsakiya za ka duba: mara, kamar 1.27, mainline ce; cika, kamar 1.28, stable ce. Masu nginx da kansu mainline suke ba da shawara, domin a can gyare-gyare suke fara sauka. Abin lura shi ne sabon fasali da aka ce na gwaji ne, kamar HTTP/3 da ya shigo 1.25.0 a Mayun 2023. A Apache kuwa 2.1 da 2.3 na gini ne da gaske, 2.2 da 2.4 su ne aka saki don aiki. Kada ka ɗauki dokar wannan ka ɗora wa wancan.

To in na tsaya a tsayayyiya na tsira ke nan?

Kwantar da hankalinka, ita ce zaɓin da ya dace, amma ba ta cire maka sa ido ba. Apache 2.4.49 ta fito a Satumban 2021 a matsayin tsayayyiya, ga ta da ɓarakar da ke bari a karanta fayiloli a wajen foldar shafi, CVE-2021-41773. Gyaran 2.4.50 bai cika ba, sai da aka saki 2.4.51 bayan kwana uku. Wanda ya bar Require all denied a kan tushen fayilolinsa, kamar yadda saitin asali ya zo, abin bai same shi ba. Kuma irin wannan ne dalilin da ya sa ake roƙon mutane su gwada rc da saitinsu na gaske kafin a saki.

Sai na duba sa hannun dijital na fayil ɗin da na sauke kafin na harhaɗa?

Ƙwarai. Sauke fayil ɗin KEYS daga Apache, gpg --import KEYS, sannan gpg --verify a kan fayil mai .asc, ka kuma gwada sha256sum. Minti biyu ne. Manhajar da za ka tasa da ikon root ce, malam.

Na ga matsala, yaya zan kai rahoto?

"Ba ya aiki" ba rahoto ba ne. Ka turo sakamakon httpd -V da httpd -M, sunan tsarin da kake kai da sigarsa, ƙaramin saitin da ke jawo matsalar, da layukan ErrorLog bayan ka ɗaga LogLevel zuwa debug ko ɗaya daga trace1 zuwa trace8. In faɗuwa take yi, ka sa CoreDumpDirectory da ulimit -c unlimited, ka buɗe abin da ta bari da gdb ka buga bt full. Ka fara cire modul na waje ka sake gwadawa, sau da yawa laifin nasa ne. Ka goge kalmar sirri da adireshin baƙi daga log kafin ka liƙa a Bugzilla, shafin kai rahoton kurakurai na Apache. In kuwa ɓarakar tsaro ce, ba a sa ta a bainar jama'a, adireshin tsaro na aikin ake aika wa a asirce, a jira su fitar da gyara.