Waiwaye: Praha a gida, Prague a waje

Mai kallon ƙwallon Turai ya san wannan ruɗani. A watan Afrilun 2021, da Arsenal ta haɗu da Slavia a wasan kusa da na kusa da na ƙarshe na gasar Europa, hukumar UEFA ta rubuta sunan kulob ɗin Slavia Praha, masu sharhi a Ingila kuwa Slavia Prague suke ta faɗi. Gari ɗaya ne, babban birnin Jamhuriyar Cek, wanda kogin Vltava ya ratsa ta tsakiyarsa. 'Yan gida na ce masa Praha. Turawan Ingila da Faransawa suna rubuta Prague, Jamusawa da Turkawa Prag, mutanen Italiya da Sifen da Rasha da Folan kuwa Praga. A Larabci ma harafin gaini ne a ƙarshen sunan.

Da ganin haka mutum zai ɗauka baƙi ne suka karya harshe suka ɓata sunan, kamar yadda Turawa suka mayar da Sakkwato Sokoto. To a nan labarin ya sha bamban. Baƙin ne suka riƙe tsohon furuci, masu garin ne bakinsu ya sauya.

Asalin sunan Praga ne, da harafin g. Tsakanin ƙarni na 12 da na 13 harshen Cek ya yi wani sauyi da ya shafi kalmominsa gaba ɗaya: duk inda ake furta g, sai ta koma h. Shi ya sa dutse a Rashanci gora ne, a harshen Cek hora. Ƙafa a bakin mutumin Folan noga, a bakin ɗan Cek noha. Praga ma ta bi sahu ta zama Praha. Amma kafin wannan lokaci sunan ya riga ya fita waje. Malaman coci sun rubuta shi da Latin, musamman bayan da aka naɗa wa garin bishop a shekarar 973, fatake Jamusawa sun tafi da shi gida, daga baya Faransawa suka ƙara masa ue a ƙarshe bisa ƙa'idar rubutunsu, Ingilishi kuma ya ara daga Faransanci. Ba wanda ya aika musu cewa an canza.

Ɗaya daga cikin tsofaffin shaidu da Larabci aka rubuta ta. Wajen shekarar 965 wani matafiyi Bayahude daga Andalus, Ibrahim ibn Ya'aƙub, ya isa garin, ya kira shi Faraga. Ya ce an gina shi da dutse da farar ƙasa, babbar kasuwa ce da fatake ke zuwa daga Krakow da sauran wurare, suna sayen bayi da kuza da fatun dabbobi, ana kuma ciniki da wasu 'yan siraran ƙyallaye a matsayin kuɗi. Ainihin rubutun Ibrahim ya ɓace. Abin da ya tsira ya zo ne ta littafin al-Bakri na ƙarni na 11, wato malamin nan da masu tarihin Afirka ta Yamma suke dogara da shi wajen labarin tsohuwar daular Gana. Littafi ɗaya ya ajiye mana labarin wuraren biyu, ga shi shi kansa marubucin bai taɓa taka ko ɗayansu ba.

Ma'anar sunan fa? Nan masana ba su haɗu ba. Kalmar práh a harshen Cek tana nufin dokin ƙofa. Tatsuniyar da wani limamin coci mai suna Kosmas ya rubuta a farkon ƙarni na 12 ta ce gimbiya Libuše ce ta tura mutanenta daji, ta ce inda suka tarar da mutum yana sassaƙa dokin ƙofar gidansa, nan za a kafa gari. Labari ne mai daɗi, yaran makaranta duk sun san shi, amma masu nazarin harshe sun fi karkata ga wasu bayanai biyu: ko dai duwatsun da ke gindaya kogi inda ake tsallakawa, waɗanda su ma da wannan kalma ake kiransu, ko kuma wurin da aka ƙone daji aka share don zama. A birnin Warsaw akwai wata unguwa mai suna Praga, ita kam daga ƙona daji ake cewa ta samo sunanta.

Inda sunan ya zama abin faɗa shi ne tsakanin Praha da Prag. Daga 1526 ƙasar ta shiga hannun gidan sarautar Habsburg na Ostiriya, daga baya Jamusanci ya zama harshen ofis da na manya. A ƙarni na 19 masu jin harshen Cek suka kwararo birni daga ƙauyuka, suka karɓe majalisar gari. A 1882 jami'ar da Sarki Charles na huɗu ya kafa tun 1348 ta rabe biyu, ta Jamusanci da ta Cek. A farkon shekarun 1890 aka fara cire Jamusanci daga allunan tituna. Da sojojin Hitler suka shigo a watan Maris na 1939 sai Prag ta dawo saman allo, Praha a ƙasa. Bayan 1945 aka kori Jamusawan ƙasar, gardamar ta mutu a cikin gida.

Duk da wannan tarihi, mutanen Cek ba su bi hanyar Indiya da ta mayar da Bombay Mumbai a 1995 ba, ko Yukiren da ta matsa a riƙa rubuta sunan babban birninta Kyiv maimakon Kiev. A 2016 sun nemi duniya ta riƙa kiran ƙasarsu Czechia a taƙaice, amma ba su ce uffan a kan sunan birnin ba. Filin jirginsu na Václav Havel yana amsa sunan Prague da Ingilishi, lambarsa PRG, taken birnin kansa da Latin yake, da Praga ya fara. A ganina sun yi daidai, domin sunan da kakanninka suka furta ba baƙo ba ne ko da a bakin wani ka ji shi. Mu ma ai Alƙahira da Bagadaza da Ikko muke cewa, ba mu nemi izinin kowa ba.

Wasu harsunan da suka karɓi sunan daga baya, irin su na Finlan da Japan da Koriya, sun ɗauki mai h ɗin. A gida kuwa sunan ba ya zama wuri ɗaya. Ɗan Cek in yana cikin garin sai ya ce v Praze, in zai tafi can ya ce do Prahy. Baƙon da ya haddace Praha kaɗai sai ya tsaya a tasha yana ta duban allo, alhali garin da yake nema ne aka rubuta a gabansa.