Kalmomin Turanci na jawabi da balaga da ake yawan rikitawa

A Turanci akwai tarin kalmomi da duk idan aka zo fassara sai a ce "jawabi", amma su masu harshen ba ɗaya suke ɗaukarsu ba. Abin da ke raba su yawanci shi ne wa ke magana, a gaban wa, kuma a wane irin taro. Wasu kuma kamar da suke yi a kunne ce kawai ke jawo rikicin.

Waɗanda aka fi cakuɗawa su ne eulogy da elegy. Eulogy jawabin yabo ne da ake tashi a yi wa mamaci, galibi wurin jana'iza, asalin kalmar daga Girkanci take kuma ma'anarta kyakkyawar magana. Irin wanda Earl Spencer ya yi wa 'yar'uwarsa Gimbiya Diana a cocin Westminster ranar 6 ga Satumba 1997 kenan. Elegy kuwa waƙa ce ta makoki, wato marsiyya, rubuta ta ake yi kuma ba dole sai a gaban gawa ba, ana iya yin ta bayan shekara goma ma. Shahararriya a adabin Ingila ita ce ta Thomas Gray da aka buga a 1751. Mai eulogy yabon mamaci ya sa a gaba, mai elegy kuma kukan rashi yake yi, to da yake duka biyun mutuwa ce ta haɗa su ga kuma haruffan kusan iri ɗaya shi ya sa har 'yan jarida ke tuntuɓe a kansu.

Sai speech da address da oration. Speech ita ce uwa, kowane jawabi na iya shiga cikinta, har wanda abokin ango ke yi wurin dina. Address ya fi nauyi, na hukuma ne, kamar na shugaban ƙasa ranar rantsuwa. Oration kuma dogon jawabi ne da aka ƙawata da ƙwalisar magana. Abin da ya faru wurin taron buɗe maƙabartar sojoji a Gettysburg ta Amurka ranar 19 ga Nuwamba 1863 ya isa misali: babban mai jawabi a ranar Edward Everett ne, ya shafe kusan awa 2 yana zuba oration ɗinsa, sannan shugaban Amurka Abraham Lincoln ya miƙe ya yi nasa cikin kamar minti 2, kalmomi wajen 270 kacal. Yau na Lincoln ɗin yara ke haddacewa a makaranta da sunan Gettysburg Address, na Everett kam sai masu tonon tarihi.

Monologue da soliloquy na fagen wasan kwaikwayo ne. A monologue mutum ɗaya ne ke doguwar magana amma akwai waɗanda yake yi wa, a soliloquy kuwa da zuciyarsa yake zance a fili, 'yan kallo ne kawai ke ji. Zancen zucin Hamlet kan rayuwa da mutuwa a wasan Shakespeare shi ake kawowa kullum, duk da cewa a wannan fitowar Ophelia, budurwar da Hamlet ke so, na kan dandamali, mahaifinta Polonius da sarki kuma sun laɓe, shi ya sa wasu malaman adabi ke gardama kan ko shi kaɗai ɗin ne da gaske.

Sermon wa'azi ne ko huɗuba, da ita ake fassara huɗubar Juma'a. Homily ya fi yawa a bakin 'yan Katolika, gajeren bayani ne kan nassin da aka karanta a wurin ibada.

Rhetoric da oratory ma ba ɗaya ba ne. Oratory iya tsayuwa gaban jama'a ne a yi magana, murya da kwarjini da sauransu. Rhetoric shi ne ilimin shawo kan mutane, ko da baki ko a rubuce, kusa da abin da ake kira balaga, tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa masanin falsafar nan na Girka, Aristotle, ya rubuta littafi a kai inda ya kasa hanyoyin gida 3, mutuncin mai magana da taɓa zuciyar mai sauraro da kuma hujja. Sai dai kalmar ta zube a yanzu, in ka ga jarida ta ce maganar ɗan siyasa rhetoric ce to ba yabonsa ake ba, nufinsu maganar fatar baki ce.

Akwai kuma deny da rebut da refute, waɗanda jaridun Turanci na Najeriya ke wa riƙon sakainar kashi. Deny musantawa ne kawai, ka ce ban yi ba. Rebut shi ne ka mayar da martani da hujjojinka, ko sun karɓu ko ba su karɓu ba. Refute kuwa sai ka tabbatar da cewa maganar ƙarya ce. Don haka kakakin gwamna da ya fito ya ce zargin ba gaskiya ba ne bai nuna ko takarda ɗaya ba, deny ya yi, ko da kanun labarin ya ce refute.