Waiwaye: Yadda sulhu ya shiga hannun lauyoyi, da irin lauyan da ya kamata a nema

Tun kafin zuwan kotunan Turawa, rigimar gona, bashi ko gado a ƙasar Hausa kan mutu ne a zauren mai unguwa ko gaban dattawan kasuwa. Dokar farko da ta tsara tahkimi a Najeriya, wato ɓangarori su naɗa wani ya yanke musu hukunci a wajen kotu, ta zo a 1914, an ɗauko ta daga dokar Ingila ta 1889. A 1988 gwamnatin soja ta maye gurbinta da wata, ita kuma ta yi aiki har watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar tahkimi da sasanci. A tsakanin nan ne kotuna suka buɗe zaurukan sulhu nasu: Legas a 2002, Abuja a 2003, Kano a 2009.

Abin da wannan tarihi ya haifar shi ne, sulhu ya zama aikin takarda mai ƙa'ida da wa'adi, kuma ba kowane lauya ne ya iya shi ba. Gwanin yi wa shaida tambayar ƙwaƙwaf na iya ɓata zaman sasanci da zafin baki.

Sai a fara bambance abu biyu. A sasanci, mai shiga tsakani ba ya yanke komai, masu rigimar ne ke daidaitawa da kansu, kuma kowa na iya tashi kafin a sa hannu. Tahkimi kuwa hukuncinsa ya hau kan kowa, ba a ɗaukaka ƙara don kawai bai yi wa mutum daɗi ba. Dalilan da kotu za ta karɓa ta soke shi kaɗan ne, kuma wata uku ne wa'adin shigar da buƙatar. Lauyan da bai san wannan wa'adi ba ya jawo wa mai ƙara asarar da ba ta gyaruwa.

Wani ramin da ake yawan faɗawa: kwangila ta ce tahkimi za a je, ɗaya ɓangaren ya garzaya kotu, lauyanka ya shigar da amsa a kan ainihin ƙarar maimakon ya fara neman a dakatar da ita. Da wannan amsar damar ta wuce. Haka nan dokar 2023 ta ce idan ba a faɗi adadin masu hukunci a yarjejeniya ba, mutum ɗaya za a naɗa, alhali a da uku ne. Bambancin kuɗi a nan ba ƙarami ba ne, domin masu rigimar ne ke biyan su.

Wajen zaɓen lauya, a nemi lambar rajistarsa ta Kotun Ƙoli da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa na shekarar, a tabbatar a reshen ƙungiyar na garin. A tambaye shi ko ya yi horo a cibiyoyin koyar da tahkimi da sasanci irin su CIArb, NICArb ko ICMC, da irin rigimar da ya taɓa kaiwa zauren sulhu. Ka'idojin aikin lauya sun wajabta masa sanar da kai hanyar sulhu kafin ya kai ƙara. Wanda ya yi shiru a kan haka, a yi hattara da shi.

Lauyan gari ya fi na nesa a ƙananan rigingimu, don ya san zauren, ya san al'ada, ba kuma kuɗin mota da masauki. Amma kusancin nan na da haɗari: a tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa yi wa abokin rigimar aiki. Kuɗinsa a rubuta, a fayyace ko na kowane zama ne ko dunƙule. In an daidaita, a dage ya kai yarjejeniyar kotu ta amince da ita a matsayin hukunci, domin idan wani ya saɓa daga baya, da ita za a tilasta masa.