Tagar Lura da Adireshi da Haɗin Intanet a Allon Kwamfuta

Tagar lura da haɗin intanet, wadda masu harkar kwamfuta ke kira wijet, ƙaramar manhaja ce da ke zaune a gefen allo ba tare da an buɗe ta ba, tana nuna adireshin da kwamfuta ke amfani da shi, da wuraren da take hulɗa da su a daidai wannan lokaci, da yawan datar da ke shiga da wadda ke fita. Matsayinta kamar na mitar wuta ne a jikin bango: mita ba ta kawo wuta, ba ta hana a ɗauke ta, amma da kallo ɗaya mai gida ya san ko akwai, ya kuma san yadda ake sha. Mafi yawan abin da tagar ke nunawa kwamfuta ta riga ta san shi, sai dai yana binne a wuraren da mutum ba ya leƙawa. Aikinta shi ne ta fito da shi fili.

Asalinta

Tun kafin a san da tagogin, masu kula da kwamfuta na samun wannan bayani ta hanyar rubuta umarni a baƙin allo. Umarnin netstat yana jero haɗe-haɗen da ke buɗe, ipconfig yana nuna adireshi a Windows, shi kuma ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a 1983, yana aika ɗan saƙo ya ƙirga lokacin da amsa ta ɗauka kafin ta dawo. Duka suna nan har gobe. Matsalarsu ɗaya: sai ka tambaya su faɗa, kuma abin da suka faɗa na wannan daƙiƙar ne kaɗai.

Masu amfani da Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, su ne suka fara sabawa da ajiye irin wannan bayani a kan allo koyaushe, da manhajoji irin su GKrellM, daga baya kuma Conky. A ɓangaren Windows, Rainmeter ta fito a 2001. Sunan wijet ya bazu ne da Konfabulator a 2003, wadda kamfanin Yahoo ya saya a 2005, shekarar da Apple ya sa Dashboard a kwamfutocinsa. Microsoft ya bi sahu da Windows Vista a 2007, sannan Windows 7 a 2009, inda kowa ke iya jawo agogo ko mitar intanet ya ajiye a gefen allo. Abin bai ɗore ba. A 2012 Microsoft da kansa ya shawarci jama'a su kashe waɗannan tagogi, domin an gano mugu na iya bi ta cikinsu ya shiga kwamfuta, kuma Windows 8 ta zo babu su. Apple ma ya cire Dashboard a 2019. Rainmeter da Conky kuwa, da yake kyauta ne kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta su, suna nan ana amfani da su.

Adireshi biyu, ba ɗaya ba

Abu na farko da ke ɗaure wa sabon mai kallo kai shi ne ganin adireshi biyu a tagar, kuma a nan ne mafi yawan amfaninta yake.

Adireshin IP lamba ce da ake ba kowace na'ura domin saƙo ya san inda zai sauka. Tsohon tsarin, wato IPv4, wanda aka tsara a 1981, rukuni huɗu ne na lambobi da ɗigo a tsakaninsu, kowane rukuni daga 0 zuwa 255. Jimillar abin da tsarin zai iya bayarwa adireshi 4,294,967,296 ne. A wancan zamani an ɗauka ba za su taɓa ƙarewa ba, amma a watan Fabrairun 2011 hukumar IANA, mai rabon adireshin intanet a duniya, ta raba na ƙarshe da ke hannunta ga hukumomin yankuna biyar, ciki har da AFRINIC mai kula da Afirka, wadda ke da mazauni a Mauritius. Mutanen duniya sun haura biliyan takwas, wasu da waya biyu a aljihu, ga adireshi bai kai biliyan huɗu da rabi ba.

Dabarar da ta ceci lamarin duk Bahaushe ya san irinta. Babban gida a cikin birnin Zazzau na iya ƙunsar sassa goma, amma zaure ɗaya gare shi. Mai kawo saƙo daga waje zauren ya sani, a nan yake sallama, sai yaro ya karɓa ya kai sashen da ya dace. Rauta ko MiFi, wato na'urar da ke raba intanet ga kwamfutoci da wayoyi, ita ce zauren. Adireshinta na waje shi duniya ke gani, ita kuma tana raba wa na'urorin cikin gida adireshin cikin gida, wanda ba ya aiki a waje. Tun a 1994 aka ware rukunoni uku domin wannan: masu farawa da 10, da masu farawa da 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Shi ya sa ɗalibi a Samaru da ɗan kasuwa a Sabon Gari za su iya ganin 192.168.8.100 a allonsu lokaci guda ba tare da rikici ba, kamar yadda kowane gida ke da sashen uwargida kuma ba a taɓa ruɗewa. Wanda ya jona da wayar iPhone kuwa yakan ga lamba mai farawa da 172.20.10.

Kamfanonin waya sun ƙara wani zaure a gaban zauren. Suna haɗa masu layi da yawa a bayan adireshin waje guda, har ma a 2012 aka ware musu wani rukuni mai farawa da 100.64 saboda haka. Sakamakon wannan shi ne adireshin waje da tagar ke nuna wa mai layi a Tudun Wada ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma yana iya canzawa da zarar ya kashe data ya kunna. Idan tagar na nuna gari, sau da yawa Legas ko Abuja za ta rubuta alhali mutum na zaune a Zariya. Ba kuskuren kwamfuta ba ne, ba kuma alamar an yi kutse ba: inda kamfanin ya yi rajistar lambar ko inda ya fitar da ita ake nunawa. Wanda ya kunna VPN, manhajar da ke bi da haɗinsa ta wata na'ura a wani wuri, zai ga adireshin ya koma na wata ƙasa, abin da 'yan Najeriya da dama suka fara lura da shi tsakanin Yunin 2021 da Janairun 2022, lokacin da gwamnati ta rufe Twitter.

Akwai lambobi biyu da ya kamata kowa ya haddace. 127.0.0.1 na nufin kwamfutar da kanta, ba kowa ba. Mai farawa da 169.254 kuwa saƙo ne bayyananne: kwamfuta ta nemi rauta ta ba ta adireshi, ba ta sami amsa ba, sai ta laƙa wa kanta. Wanda ya ga wannan lamba ya san matsalar tana cikin ɗaki.

Sabon tsarin, IPv6, dogo ne, rukuni takwas na lambobi gauraye da haruffa, kuma yawansa ya wuce a ce zai ƙare. Tagogi na yanzu suna nuna shi a ƙarƙashin tsohon.

Ƙofofi

Adireshi yana kai saƙo gida, amma kwamfuta ɗaya tana hulɗa da wurare da yawa a lokaci guda, don haka kowace hulɗa na da lambar ƙofa, daga 0 zuwa 65,535. Kamar yadda ganuwar Zazzau ke da Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, kowacce da hanyar da ta nufa, haka wasu ƙofofin kwamfuta suke da aikin da aka san su da shi. Ƙofa ta 443 ta shafukan da aka kulle bayanansu ce, ta 80 ta shafukan da ba a kulle ba, ta 53 kuma ta tambayar adireshin da ke bayan sunan shafi.

Taga mai kyau tana jero kowace hulɗa a layi: sunan manhajar da ta buɗe ta, adireshin da ta nufa, lambar ƙofa, da halin da take ciki. Inda aka rubuta ESTABLISHED, ana cikin magana. LISTENING na nufin manhaja ta buɗe ƙofa tana jiran baƙo, TIME_WAIT kuma an yi sallama ana jiran a rufe. Wanda ya fara ganin jerin yakan tsorata, domin buɗe shafin labarai guda na iya haifar da layi ashirin ko fiye, na hotuna da tallace-tallace da sauransu. Yawan layin ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne manhajar da ba ka sani ba, ko wadda ka sani amma ba ka ga dalilin da zai sa ta aika kaya waje da tsakar dare ba.

Gudu da lissafin data

Nan ma akwai ruɗani na dindindin. Kamfanoni suna tallan gudu da megabit, su kuwa fayiloli da datar da ake saya da megabait ake auna su, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Layin da aka ce yana gudun megabit 8 a daƙiƙa, megabait ɗaya zai sauke a daƙiƙa idan komai ya tafi daidai. Yawancin tagogi suna barin mutum ya zaɓi ma'aunin da yake so, kuma ya fi dacewa a zaɓi bait, tunda da shi ake cire kuɗi.

Wasu suna nuna jinkiri, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Saƙon da ya tashi daga Zariya zuwa wata na'ura a Turai yakan bi waya mai haske zuwa Legas, ya shiga ɗaya daga cikin wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne ko Glo-1 da suka fara aiki a 2010, ko Equiano da ta iso a 2022. Tsofaffin kafe-kafen intanet da suka dogara da tauraron ɗan'adam mai nisan kusan kilomita 36,000 sun saba da jinkirin fiye da rabin daƙiƙa, kuma ba abin da mai kafe zai iya yi a kai.

Amfaninta a wurin aiki

A ɗauki misalin shagon buga takardu a Samaru, daura da Jami'ar Ahmadu Bello, a makon rajistar ɗalibai. Kwamfuta huɗu, rauta ɗaya a kan kanta, janareta na ruri a waje, benci cike da masu jira. Shafi ya ƙi buɗewa, kowa ya ce sabis ne. Mai shagon da ke da tagar lura ba ya buƙatar zato. Ya dubi gefen allo: idan ya ga 169.254, sai ya sunkuya ya duba kebul, ko ya tuna cewa rautar ba ta gama tashi ba tun da aka sauya daga wutar gari zuwa janareta. Idan adireshin cikin gida na nan lafiya amma na waje babu, to ko data ta ƙare ko matsalar daga kamfani take. Idan duka biyun na nan, wasu shafuka na buɗewa, to shafin rajistar ne ya cika da jama'a, sai haƙuri. Matsala uku ke nan masu kama ɗaya a ido, maganinsu daban-daban, kuma mutane da yawa suna ɓata kuɗi da lokaci ne saboda rashin bambance su.

Wani lokacin ma laifin ba ya cikin ƙasar gaba ɗaya. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta, bankuna ma suka ji a jikinsu. A irin wannan rana ba abin da sake kunna rauta zai gyara.

Amfani na biyu shi ne kama ɓarawon data. Ɗalibi ya jona kwamfutarsa da wayarsa don ya aika aiki guda, kafin ya ankara gigabait ya tafi. Kwamfuta ta ɗauki haɗin wayar tamkar layin ofis mara iyaka, sai ta hau sabunta kanta, ma'ajiyar hotuna ta hau tura kaya sama, burauza ta hau kunna bidiyon talla. Layin gudu da ya miƙe sama alhali hannun mutum ba ya kan komai shi ne ke tona asirin. Windows tana da wurin da ake gaya mata cewa wannan haɗi na awo ne, ta rage irin wannan ɗabi'a, amma sai wanda ya ga abin da idonsa ne ke zuwa nemansa.

Iyakarta da hattara

Tagar lura mai gadi ce mai ido, ba mai sanda ba. Tana ganin wanda ya shiga da wanda ya fita, amma hana shiga aikin katangar tsaro ne, korar ƙwayar cuta kuma aikin manhajar riga-kafi. Ba ta karanta abin da ke cikin saƙo; mai son wannan sai ya nemi Wireshark, wanda kayan aikin ƙwararru ne. Kuma kwamfutar da take kai kaɗai take gani, ba wayar maƙwabcin da ya sami lambar sirrin rauta ba. Wannan sai an shiga shafin rautar da kanta.

Sannan ita ma manhaja ce, kuma tana zaune a inda take ganin komai. Domin ta san adireshin waje, dole ta tambayi wata na'ura a intanet, ma'ana akwai wanda ya san kana kan layi duk lokacin da ta tambaya. Al'adar tura manhaja daga filashi zuwa filashi, wadda ta zama ruwan dare a shagunan gyara, a nan ta fi haɗari, musamman tsofaffin tagogin Windows 7 da aka daina gyarawa tun 2012. Gara a sauko da ita daga shafin masu ita. Wanda ba ya son ƙara komai a kwamfutarsa kuma yana da mafita: TCPView, da Microsoft ke bayarwa kyauta, yana nuna jerin haɗe-haɗe ba tare da an girka shi ba, kuma Task Manager da ke cikin Windows tun asali yana nuna adireshi da gudun data a shafinsa na biyu.