"Na mace ko na namiji?": Ma'anar gender stereotype a kayan wasan yara

Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah na shiga wani shagon kayan wasan yara da 'yar ƙanwata, yarinya 'yar shekara shida. Ban gama sallama ba mai shagon ya tare ni da tambaya: "Alhaji, na mace ake so ko na namiji?" Bai tambayi shekarun mai kayan ba, bai tambayi nawa na ware ba. Da ya lura da yarinyar sai ya nuna mana ɓangaren hagu, inda komai ruwan hoda ne: 'yan tsana masu dogon gashi, ƙananan tukwane da ludayan roba, akwatin kwalliya mai madubi. Ita kuwa tuni idonta yana dama, kan wata tifa ruwan ɗorawa mai juye yashi. Ta ja hannun rigata ta ce, "Kawu, waccan." Mai shago ya yi dariya ya ce, "Haba 'yan mata, wannan ai ta maza ce. Me za ki yi da tifa?"

Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma abin da ya yi ɗin nan shi ne masu boko suke kira gender stereotype, kalmar da yanzu ake yawan cin karo da ita a tarukan malaman makaranta da shirye-shiryen rediyo kan tarbiyya. Gender dai jinsi ne, mace ko namiji. Ɗaya rabin kalmar ne mai labari. Asalinta daga maɗaba'a take. Wani Bafaranshe mai buga littattafai, Firmin Didot, shi ake jingina wa ƙirƙirar ta a ƙarshen ƙarni na 18, kuma abin da take nufi a lokacin shi ne farantin ƙarfe da aka zuba shafi guda a kansa, yadda za a buga kwafi dubu ba tare da an sake jera haruffa ba. A 1922 ɗan jaridar Amurka Walter Lippmann ya ari kalmar ya ɗora wa tunanin mutum: hoton da muka riga muka zuba a ka game da wasu mutane, wanda muke danna wa duk wanda muka gamu da shi daga cikinsu, kamar hatimi.

Bahaushe yana da tasa kalmar, kuma a ganina ta fi ta Bature saurin shiga kai: kuɗin goro. Idan aka haɗa mutane aka yanke musu hukunci ɗaya ba a duba kowa da halinsa ba, an yi musu kuɗin goro. To gender stereotype shi ne yi wa 'ya'ya mata kuɗin goro, a yi wa maza nasu. A nan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimta. Wanda ya ce yawancin 'yan mata suna son 'yar tsana bai yi ƙarya ba, abin da ido ke gani ya faɗa. Kuɗin goron yana shigowa ne sa'ad da "yawanci" ya koma "dole": ke mace ce, don haka tsana za ki so, tifa kuwa ba taki ba ce. Yarinyar da ke tsaye a gabanka tana nuna abin da take so ta ɓace, saura hoton da ke kanka.

Kada a ce Turawa ne suka kawo mana rabon. Tun kafin robar ƙasar Sin ta cika kasuwanninmu, yarinya tana da 'yar tsanarta ta kara ko ta ƙashi, ta naɗe ta da ƙyalle, ta goya ta, ta tara ƙawaye a yi mata biki da kayan ɗaki na gwangwani da tuwon ƙasa. Yaro yana waje da garere da danƙo da motar kara. Wasan sharar fage ne ga rayuwar da ake sa ran kowa zai yi, kuma ba wanda ya ɓoye hakan. Abin da yake sabo shi ne launi, da kuma yadda aka ɗauki abin da ba shi da jinsi aka tsaga shi biyu. Keke ai keke ne. Yau akwai na mata, ruwan hoda da kwando da fure, akwai na maza, shuɗi ko baƙi da zanen wuta. Haka ƙwallo, haka jakar makaranta, haka gorar ruwa.

Shi kansa launin bai daɗe da samun mazauni ba. A watan Yunin 1918 wata mujallar 'yan kasuwar kayan jarirai a Amurka, Earnshaw's Infants' Department, ta rubuta cewa ruwan hoda na yara maza ne domin ya fi ƙarfi, shuɗi kuma na mata domin ya fi laushi. A lokacin shaguna ba su ma daidaita a tsakaninsu ba, kowa da nasa. Sai daga baya lamarin ya juye ya zauna yadda muka san shi. Masaniyar tarihin tufafi Jo Paoletti ta jami'ar Maryland ta nuna cewa abin ya ƙara ƙamari a shekarun 1980, lokacin da hoton ciki ya fara gaya wa iyaye abin da za su haifa, aka fara sayayya tun kafin haihuwa.

Binciken da ya fi ɗaure mini kai shi ne na Elizabeth Sweet, masaniyar zamantakewa a Amurka, wadda ta zauna ta duba kayan wasa sama da 7,000 a tsofaffin kundayen tallan kamfanin Sears. A kundin 1975, ƙasa da kashi 2 cikin 100 ne aka tallata a fili da sunan na maza ko na mata. Zuwa 1995 abin ya kai kusan rabi. Halittar yara ba ta canza ba a cikin shekara ashirin. Kasuwa ce ta canza. A 1984 Amurka ta sassauta dokokin talla a shirye-shiryen yara na talabijin, sai kamfanoni suka shiga yin katun wanda daga farkonsa har ƙarshensa tallan kayan wasa ne, wannan na maza, wancan na mata. Lissafin ɗan kasuwa kuwa ba ya buƙatar digiri. Gidan da ke da ya da ƙane, in keke ɗaya zai wadatar, ciniki ɗaya aka yi. In ƙanen ya ƙi hawa don ruwan hoda ne, an yi biyu.

Har suna ake canza wa abu saboda wannan. Kamfanin Mattel ya fito da 'yar tsana Barbie a 1959. Da Hasbro ya fito da G.I. Joe a 1964, wanda shi ma mutum-mutumi ne da ake canza wa tufafi, sai aka hana kiransa 'yar tsana, aka laƙaba masa wani suna mai nufin gwarzon fama, don an san iyaye ba za su saya wa ɗa namiji tsana ba. Tsana ce dai, an sa mata kaki an ba ta bindiga.

Akwai masu cewa duk wannan surutu ne, halitta ce kawai. Suna da abin kafa hujja, kuma bai kamata a share shi ba. A 2002 masu bincike Gerianne Alexander da Melissa Hines sun ba wasu birai kayan wasan yara, mazan suka fi daɗewa da mota da ƙwallo, matan da 'yar tsana da tukunya. (Me biri ya sani game da tukunya? Wannan tambayar masu suka sun yi ta, kuma tana da ƙarfi.) A 2008 wasu masu bincike a jami'ar Emory da ke Atlanta suka gwada da wani nau'in biri: mazan sun fi karkata ga masu taya, matan kuwa sun yi wasa da kowanne. Ina karɓar cewa akwai ɗan karkata daga halitta. Sai dai karkata ta matsakaicin lissafi ce, ba ta gaya maka komai game da yarinyar nan guda da ke nuna tifa. Kuma ba halittar da ta san ruwan hoda.

Sauran aikin iyaye ne suke yi, galibi ba su ma sani ba. A 1978 Caroline Smith da Barbara Lloyd a jami'ar Sussex ta Ingila sun ba wasu iyaye mata jarirai 'yan wata shida su yi musu wasa. Kowane jariri, wani lokaci a sa masa kayan maza da sunan namiji, wani lokaci kayan mata da sunan mace. Wadda aka ce wa mace ce sai ta fi miƙa 'yar tsana, wadda aka ce wa namiji ne ta fi miƙa gudumar wasa, tana zuga shi ya motsa jiki. Jaririn bai zaɓi komai ba tukuna, an riga an zaɓa masa. Bayan shekara uku sai uwa ta ce, "Ai shi tun yana jariri mota yake so."

Tifar dai na saya, mai shago yana murmushi yana sa ta a leda. A gida ba wanda ya ce uffan, kakarta ma cewa ta yi, "Wannan yarinya sai ka ce namiji," da muryar da ba ta rasa alfahari. Kwana biyu bayan Sallah na iske ƙanenta ɗan shekara huɗu ya goya tsohuwar tsanarta da ɗankwalin uwarsu yana jijjigawa, kuma ni da nake wannan dogon bayani sai da gabana ya faɗi. Kafin in yi magana wani babba a gidan ya riga ni: "Kai, sauke! Ɗan daudu za ka zama?" Yaron ya kwance goyon ya ajiye a hankali, bai sake taɓawa ba.

Kuɗin goron ya fi tsanani a kan maza, kuma ba a nan kaɗai ba. A 2021 kamfanin kayan wasa na Lego ya sa cibiyar Geena Davis, mai nazarin jinsi a kafafen yaɗa labarai, ta yi masa bincike kan iyaye da yara kusan 7,000 a ƙasashe 7, aka samu kashi 71 cikin 100 na yara maza suna tsoron a yi musu dariya in sun yi wasa da abin da ake ce wa na mata. Yarinya mai mota ana ganin ta ƙaru, yaro mai tsana ana ganin ya ragu. In ka bi wannan tunanin zuwa tushensa, za ka ga abin da muke faɗa game da darajar raino da girki, aikin da iyayenmu mata suka tsufa a kansa.

Me ake asara? Ka tuna yadda ake motar kara. Yaro ya samo karan dawa, ya ɓare shi da haƙori, ɓawon siri-siri ya zama ƙusa, farin cikin ya zama katako. Ya gwada tsawo da yatsa, ya karya, ya soke, ya yanko taya daga tsohon silifa. Ya ja, ta karkace, ya zauna ya gano cewa taya ɗaya ta fi sauran girma, ya gyara. Awo ne wannan, da lissafi, da haƙurin sake abu in ya lalace, kuma ba malamin da ya koya masa. Masu nazarin ilimin yara sun daɗe da ganin alaƙa tsakanin irin wannan wasa na gini da harhaɗawa da iya hango siffar abu a ka, abin da injiniya da tela da magini duk suke ci da shi. Bikin 'yar tsana shi ma makaranta ce: a raba aiki, a yi magana, a sasanta rigimar wa zai zama uwar amarya, a lura da mai kuka. Yarinyar da aka hana na farko da yaron da aka hana na biyu kowanne an rage masa wani abu, sannan mu dawo muna mamakin ƙarancin mata a ajin injiniya, da magidancin da ba ya iya riƙe jaririnsa minti biyar.

Na san abin da ke sa wasu iyaye ɗaga gira da jin kalmar gender: suna zargin ƙofa ce ake buɗewa ga abin da addini da al'ada ba su yarda da shi ba. Amma zancen kayan wasa ya fi haka sauƙi. Ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana ita da ƙawayenta, kuma a ruwayar Abu Dawud, a cikin kayan wasan nata har da doki mai fukafukai biyu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta, ta ce ai Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai, ya yi dariya. Bai ce mata doki na maza ne ba. Shi ne kuma ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama.

A ƙasashen da abin ya zama muhawara an taɓa wasu abubuwa. A Birtaniya wasu iyaye sun kafa gangamin Let Toys Be Toys a ƙarshen 2012, suna neman shaguna su cire allunan "na maza" da "na mata", kuma manyan shaguna da dama sun cire. Babban shagon Target na Amurka ya cire nasa a 2015. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2021, ta fara aiki a farkon 2024, wadda ta wajabta wa manyan shaguna masu ma'aikata 500 ko fiye su ware sashen kayan yara da ba a raba shi da jinsi ba, tarar farko ba ta wuce dala 250 ba. Dokar ba ta hana sayar da tsana ko tifa ba, ba ta ma hana sashen maza da na mata ba.

A Najeriya gyaran da aka fi gani ta wani ɓangare ya zo. Taofick Okoya ya fara yin 'yan tsanar Queens of Africa a Legas a 2007, baƙaƙe masu atamfa, ɗaya daga cikinsu Bahaushiya mai suna Azeezah, don yarinya ta goya mai kama da ita. Ya magance kuɗin goro na launin fata. Na jinsi kuwa a shagunanmu ba allo ba ne balle a cire, a bakin mai shago yake, da na gwaggo mai kawo tsaraba, da na kawu irina. Da na koma shagon nan da babbar Sallah, mai shi ya gane ni, ya ce, "Alhaji mai tifa! Yau na mace ne ko na namiji?"