Tantanin Maiƙo na Ƙwayar Halitta

Tantanin maiƙo shi ne siririn rufin da ke kewaye da kowace ƙwayar halitta mai rai. Kaurinsa nanomita 4 zuwa 5 ne (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne bisa miliyan na milimita), kuma riɓi biyu ne na ƙwayoyin maiƙo, kowace da kai mai son ruwa da wutsiya mai gudunsa. Kawunan na kallon ruwa, wutsiyoyin na ɓoye a tsakiya. Hali biyu gare shi: yana malala kamar mai, amma yana turjewa idan an ja shi ko an lanƙwasa shi.

Tarihi

Binciken ya faro ne daga man da ke bazuwa a kan ruwa, irin wanda ake gani idan man gyaɗa ya ɗiga a ƙwarya. Wajen 1770 Benjamin Franklin ya zuba cokalin shayi guda na mai a wani tafki da ke Clapham a Landan, ya ga ya kwantar da ruwan kusan rabin eka. An buga bayanin a 1774. Sai a 1890 Lord Rayleigh ya ƙiyasta kaurin irin wannan yanar da nanomita 1.6.

Agnes Pockels ta birnin Braunschweig a Jamus ta cancanci a tuna da ita fiye da yadda ake yi. Ba ta samu shiga jami'a ba. A ɗakin girki, wurin wanke-wanke, ta lura da yadda maiƙo ke sauya fuskar ruwa, ta haɗa ɗan kwamin ƙarfe da take matse yanar tana aunawa. Rayleigh ne ya sa aka buga wasiƙarta a mujallar Nature a 1891, kuma Irving Langmuir ya inganta irin wannan kwami a aikinsa na 1917.

A 1925 Gorter da Grendel a Leiden suka tatse maiƙon jajayen ƙwayoyin jini, suka shimfiɗa shi a kan ruwa, suka ga faɗinsa ya ninka na ƙwayoyin sau biyu. Daga baya an gano kurakurai a awonsu waɗanda suka cike giɓin juna, amma maganar riɓi biyu ta tabbata. Singer da Nicolson a 1972 suka bayyana tantanin a matsayin abu mai malala da furotin ke yawo a cikinsa.

Miƙewa da lanƙwasa

Tantanin ba ya jure ja: da faɗinsa ya ƙaru da kashi 2 zuwa 5 cikin 100 yakan yage. Lanƙwasa shi kuwa da sauƙi, har motsin ƙwayoyin ruwa kaɗai ya isa ya sa shi karkarwa. Wolfgang Helfrich ya tsara lissafin haka a 1973. Ana auna taurinsa ta hanyar zuƙar tantanin da siririn bututun gilashi a ƙarƙashin madubin likita. Ko kolestarol, wani nau'in maiƙo da ke cikin tantanin, na taurara kowane irin tantani, masana sun saɓa.

A cikin jini

Jar ƙwayar jini, mai faɗin kusan maikiromita 8 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne bisa dubu na milimita), tana matse kanta ta bi jijiyoyin da suka fi ta ƙanƙanta, sannan ta koma siffarta cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Ragar furotin da ke ƙarƙashin tantanin ce ke dawo da ita, danƙon tantanin kuma ke jinkirta dawowar. Haka take yi tsawon kwana 120.

A Katsina da Daura wannan ba baƙon zance ba ne a asibiti. Sikila na taurara ƙwayar har ta toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan ne ciwon ƙashi mai tsanani ke tasowa. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wadda ke yawaita da damina, ita ma tana taurara jar ƙwayar da ta shiga, saifa kuma tana tare ƙwayoyin da suka kasa matsewa.

A huhu

Yanar maiƙo ce ke hana jakunkunan iska na huhu manne wa juna. Avery da Mead sun nuna a 1959 cewa ƙarancinta ne ke hana bakwaini numfashi da kyau.