'Yan Doka da Kuɗin Haraji a Arewacin Najeriya

'Yan doka su ne jami'an tsaro na En'e, wato hukumar gargajiya da Turawan mulkin mallaka suka ɗora a kan masarautun Arewacin Najeriya. Tushensu dogaran sarki ne. Daga shekarun 1920 aka riƙa ware wasu ana koya musu fareti, ana ba su kaki da kulki, ana yanka musu albashi. Wannan albashi daga baitulmalin masarauta yake fitowa, gwamnatin tsakiya ba ta biyan su.

Abin da ke cika baitulmali kuwa haraji ne da jangali. Haraji yana kan kowane baligi namiji, jangali kuma a kan shanu, ana ƙirga su kai da kai. Bayan kaka, lokacin da manomi ya sayar da gyaɗa ko auduga, mai unguwa zai bi gida gida ya tara, ya miƙa wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, har kuɗin ya isa hannun ma'aji. A manyan masarautu, da farko rabi ake bar wa En'e, rabi ya tafi ga gwamnati, daga baya aka ƙara kason En'e. Da shi ake biyan alƙalai da hakimai da ma'aikatan gidan yari da 'yan doka. Shi ya sa Kano, mai yawan jama'a da ciniki, ta fi ƙananan masarautu ƙarfin runduna nesa ba kusa ba.

Shugaban 'yan doka shi ne Wakilin Doka, galibi ɗan sarki. Usman Nagogo ya riƙe muƙamin a Katsina, Ado Bayero ma ya riƙe shi a Kano kafin ya hau gadon sarauta a 1963.

Ciwon tsarin shi ne, talakan da ke biyan kuɗin ba shi da ta cewa. Ɗan doka ga sarki da Di'o, wato jami'in mulki na Turawa, yake kai rahoto, kuma wanda ya kasa biyan haraji, ɗan doka ake turowa ya kama shi. A shekarun 1950 'yan jam'iyyar NEPU sun sha kamu da duka a hannunsu.

Gwamnatin Yakubu Gowon ce ta rushe 'yan doka, ta shigar da waɗanda suka cancanta cikin 'yan sandan Najeriya. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda bayan ta tarayya.